Kafin jan fenti ya hau bango: tambayoyi da amsoshi kan sa bakin jama'a a tsarin gari da tsaron unguwa a Gombe

Na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan cikin garin Gombe. Ni ke rubuta abin da aka tattauna, ni ke kai takarda ofis, ni kuma ake tarewa a ƙofar masallaci ko wajen ɗaurin aure a ce, “Sakatare, ina aka kwana?” Tambayoyin nan su ne suka fi yawan faɗowa kunnena, na kuma bar su yadda ake yi mini su.

Malam, me ya haɗa talaka da tsarin gari? Ba aikin gwamnati da injiniyoyinta ba ne?

Su ke zanawa, amma kai za ka kwana a cikin abin da aka zana. Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, a nan take kuma ya ƙara da cewa dole a tabbatar jama'a na da hannu a gwamnatinsu. Ke nan in ka sa baki, haƙƙinka ka karɓa.

Dubi kuma yanayin garin namu. Gombe a cikin kwano take zaune, tudun Akko ta yamma, dutsen Liji ta gabas. Ruwan da ya sauka a saman tudu gangarowa yake yi ya ratsa gari, ƙasar kuma a wurare da yawa rairayi ce, ba ta da riƙo. Tun 1919 da aka dawo da hedikwatar masarauta nan garin ke girma a hankali, sai da ya zama babban birnin jiha a 1996 ya kama gudu. Rikicin Boko Haram ya ƙaro mana 'yan uwa daga Borno da Yobe da Adamawa. Gonakin da muka yi kalar gyaɗa a cikinsu muna yara duk sun koma gidaje. Injiniya yana da na'urar awo, gaskiya ne. Amma tsohuwar da ta shekara 40 a bakin kwari ta san gidan da ruwa ya fara shiga a ambaliyar Agustan 2004, ta san kuma ta inda ya fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To tsarin gari daban, tsaro daban. Me ya sa kullum kuke haɗa su?

Don a ƙasa ba su rabu ba. Bayan gidana akwai wani lungu, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Lokacin da aka yanka gonar wurin, mai awon ya lura cewa in ya matse hanya zai samu ƙarin fuloti biyu, sai ya matse. Ba wanda ya ce uffan, don duk murnar samun fili muke yi. Shekaru bayan haka wuta ta kama wani gida a ƙarshen lungun da tsakar dare. Motar 'yan kwana-kwana ta zo, ta tsaya a bakin titi, ba ta da ta inda za ta shiga. Da bokiti muka yi ta miƙa ruwa hannu da hannu har asuba. Allah ya tsare rai, amma matar gidan da zanin jikinta kawai ta fito.

Lungun da ya hana motar kashe gobara shiga, shi ke hana motar sintiri. Mai ƙwacen waya ya fi kowa sanin haka, shi ya sa yake fizgewa a titi ya faɗa nan. Kangon da aka kai linta aka watsar shekara 10, can ake shaye-shaye. Kwarin da ya raba unguwa biyu ya zama mafaka da daddare, iyaye kuma kullum cikin fargaba suke saboda yaran da ke tsallakawa zuwa islamiyya. Filin da aka ce an bar wa makaranta da ƙwallo, in aka sayar, samarin ba ɓacewa za su yi ba, wata majalisar za su koma, kuma ba lallai ta alheri ba. Hatta sunan layi da lambar gida maganar tsaro ce. Kira 112 ka ce “bayan gidan mai, kusa da bishiyar dogon yaro” ka ga tsawon lokacin da za a ɗauka ana nemanka.

Duk waɗannan abubuwa ranar awo aka yanke su, ranar da ba mu je ba. Abin da muka saba shi ne mu taru bayan an yi sata ko an shafa jan fenti, mu yi ta ihu bayan hari. Tun ran gini ran zane.

Wace ƙofa zan ƙwanƙwasa? Kowane ofis sai ya ce ba nan ba ne.

Maganar mallakar fili da takardunsa da taswirar awo ta GOGIS ce, hukumar da gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta kafa don adana bayanan filaye a kwamfuta. Izinin gini, da wanda ya ci hanya ko ya toshe magudana, na hukumar tsara birane ce, GOSUPDA. Ƙaramar hukuma kuwa Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki ya ɗora mata kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da magudanan cikin unguwa da fitilun titi, har da sa wa layuka suna da ba gidaje lamba. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su kai kukan kwalbati gidan gwamnati alhali kansilansu na nan a layin baya.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne garin ya fi ƙarfin ƙaramar hukumarsa. Ya malala cikin Akko da Kwami da Yamaltu/Deba. Mutumin Tumfure yana ganin kansa ɗan cikin Gombe ne, kuma haka ne, amma sakatariyarsa tana Kumo. Kafin ku rubuta takarda ku tabbatar da mazaɓar da kuke, da dagaci da hakimin da kuke ƙarƙashinsu.

Na sayi fili awon igiya, ina da takardar ciniki da hatimin mai unguwa. Bai isa ba?

Takardar tana nuna ka biya kuɗi a gaban shaidu, wannan kuwa abu ne mai amfani. Sai dai ba ta nuna cewa wurin ba hanya ba ne a taswirar gwamnati. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna. A cikin birni shi ke ba da haƙƙin mallaka, kuma sayar da filin da ke da irin wannan haƙƙi sai da amincewarsa. Kafin ka ba dillali ko sisi, je a duba maka wurin a ofishin filaye. Duba sama ma: babban layin wutar lantarki mai ƙarfin kilovolt 330 ana bar masa faɗin mita 50 ba gini, mai kilovolt 132 kuma mita 30.

In kuwa unguwar taku gaba ɗaya awon igiya ce, wanda haka yawancin sababbin unguwanninmu suke, to ku haɗu tun gidaje ba su cika ba. Ku zauna da mai gonar da mai unguwa, a fitar da hanyoyi masu faɗi, a ware wurin makaranta da asibiti da maƙabarta da masallaci ko coci, a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai hukuma ta shigar. Filin jama'a da ba shi da takarda, wata rana za ku wayi gari ku tarar an zuba masa bulo. Mu ya faru da mu. Wurin da muka sani na ƙaramin asibiti ne yau gidan haya ne mai ɗaki 12, don alkawarin baka kawai muka riƙe, wanda ya yi shi kuma ya rasu.

Doka ta ba mu damar ganin taswira mu ce ba mu yarda ba?

Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta tanadi a nemi ra'ayin jama'a yayin shirya tsari, a baje daftarin kowa ya gani, mai ƙorafi ya rubuto. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta ce tsarin gari hurumin jihohi ne. Ma'anar wannan gare mu ita ce Majalisar Dokokin Jihar Gombe mai mambobi 24 ita ke da wuƙa da nama a kan dokar tsarin garinmu, don haka ɗan majalisarku ne mutumin da za ku matsa wa in kuna son a tilasta sauraron jama'a kafin kowane sabon awo.

Akwai wasu ƙofofi biyu. Manyan ayyuka da dokar tantance illa ga muhalli ta 1992 ta shafa, ana baje rahotonsu na kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su yi magana. Sai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuto. An daɗe ana gardamar ko ta hau kan jihohi, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau. Kuna iya rubutawa ku nemi kwafin taswirar unguwarku, ko bayanin kwangilar magudanar da aka fara aka bari.

Ayyukan kwari da Bankin Duniya ya tallafa, irin na NEWMAP a da da ACReSAL a yanzu, sharaɗinsu ne a samu hanyar karɓar koken mutanen da aikin ya shafa. In aiki ya zo ta wajenku ku tambayi wa ke karɓa, ku kuma nemi ku sa wakilinku.

An shafa wa gidana jan fenti. Rusau ke nan? Za a biya ni?

Ka fara sanin dalili, a rubuce. In gwamnati ce ke son wurin don amfanin jama'a, kamar titi ko magudana, sashe na 28 na dokar 1978 ya yarda a soke mallaka, amma sai an ba mai wurin sanarwa. Sashe na 29 ya tanadi diyya a kan abin da ka kafa, wato gini da shuka, ban da tsurar ƙasa. In ba ka gamsu da kuɗin ba, dokar ta ce a kai maganar gaban kwamitin rabon filaye, Tsarin Mulki kuma ya bar maka ƙofar kotu a buɗe. In kuwa kan hanya ko bakin magudana ka yi gini ba da izini ba, matsayinka ya yi rauni ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Ɗauki hoton gidan ciki da waje tun kafin masu ƙiyasi su zo. Ka tsaya a wurin ranar da za su auna. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko ba a karanta maka ba. Ku kuma tafi a ƙungiyance, duk waɗanda fentin ya shafa.

Yaya ake rubuta ƙorafin da za a kula shi?

Shafi ɗaya, magana ɗaya. Ku faɗi wurin daidai, abin da ke faruwa, tun yaushe, gida nawa ya shafa, da abin da kuke so a yi. Ku haɗa hoto. Mai unguwa ya sa hatimi, limami da fasto da shugabar mata da shugaban matasa su sa hannu. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Wannan kwafin shi ne makaminku, ku adana shi kamar takardar gida. Ban da zagi, ban da ambaton jam'iyya. Da zarar takarda ta yi warin siyasa, an samu dalilin jefa ta a durowa.

Taron jin ra'ayi kan kasafin kuɗi, ba zaman shan lemo ba ne kawai?

Yakan zama haka in kun je hannu rabbana. Irin wannan taro ya yi ƙarfi a jihohi tun da shirin SFTAS na Bankin Duniya, na tallafa wa jihohin da ke bayyana yadda suke kashe kuɗin jama'a, ya fara a 2018, don yana cikin sharuɗɗansa. Unguwar da ta zauna tun kafin ranar ta zaɓi buƙata ɗaya ko biyu, ta rubuta, ta tura mai iya magana, ta fi wadda mutum 10 suka tashi kowa da nasa. Bayan an sa hannu a kasafin, ku sa wani yaro mai waya ya duba a intanet ko aikinku ya shiga. Ciyaman da kansila ma ku tambaye su, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi a tura musu kai tsaye.

Muna so mu kafa 'yan sintiri. Ta ina za mu fara?

Ta taron unguwa, ba ta aljihun mai kuɗin layi ba. Sintirin da mutum ɗaya ke biya, shi zai riƙa yi wa aiki. Ku sanar da mai unguwa da dagaci, sannan ku je wurin DPO na yankinku da sunayen waɗanda kuka zaɓa a tantance su. Sashe na 214 na Tsarin Mulki rundunar 'yan sanda ɗaya ya sani, don haka 'yan sintiri mataimaka ne, ido da kunne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa da al'umma a matakin jiha da na caji ofis, ga kuma PCRC, kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, da ke nan tun 1984. Ku nemi kujera a ciki, kada ku bar ta ga waɗanda ke zuwa don hoto.

Maganar kuɗi ita ke kashe sintiri, na gani da idona. Namu na farko wata 7 ya yi ya watse, don ba wanda ya san nawa ake tarawa. Da muka sake kafawa sai muka sayi littafi mai layi, kowane gida da shafinsa, mai karɓa daban, mai ajiya daban. Ƙarshen wata bayan sallar isha'i ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, a haska fitilar waya, a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, har kuɗin batir da usur. Gidan marayu da na gwauruwar da ba ta da ƙarfi mun ɗauke musu, kuma ana tsaron ƙofarsu kamar ta kowa. Masu kwana a waje saboda mu, a biya su a kan lokaci. Mutumin da ke yawo cikin sanyin hunturu da yunwa a cikinsa, wata rana za a saye shi.

In mun kama ɓarawo, laifi ne mu ɗan taɓa lafiyarsa?

Laifi ne, babba kuwa. Doka ta yarda farar hula ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Duka da ɗauri da tilasta mutum ya amsa laifi ba sa cikin abin da aka yarda, akwai ma Dokar Hana Azabtarwa ta 2017. Na san zafin da mutum ke ji in an sace masa babur ɗin da yake ci da iyali. Amma ihun “ɓarawo” ba ya tantancewa. Baƙon da ya ɓata hanya da mai taɓin hankali da yaron da aka aika duk suna iya faɗawa ciki, kuma rai in ya fita ba ya dawowa. Ku ma ku san naku haƙƙin: beli kyauta ne, dokar 2020 kuma ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema.

Ranka ya daɗe, ina ganin abubuwa a layinmu amma ina tsoron faɗa. In aka ce ni ce fa?

Hajiya, tsoronki na kan hanya, don an sha tona asirin masu ba da labari. Shi ya sa bai kamata a ce sai a bainar taro za a yi magana ba. Kowace unguwa ta fitar da mutum biyu ko uku da aka yarda da riƙon amanarsu, cikinsu lallai da mace, waɗanda za a iya gaya wa magana su kai ta ba tare da suna ba. Hare-haren bam da aka kai tashoshin mota da babbar kasuwar Gombe a 2014 da 2015 sun koya mana cewa abin da mutum ɗaya ya gani ya yi shiru, gari guda ke biya.

Mata da 'yan haya da waɗanda ba 'yan asalin gari ba, su ma sai an kira su?

Su ne ma suka fi ganin unguwar. Maigida ya fita tun safe sai dare. Matar gida ita ta san kangon da ake shiga da rana, ta san inda 'yarta ke canza hanya in an aike ta niƙa, ta san awa nawa yara ke yi a layin bohol. Taron da ake yi bayan isha'i a ƙofar masallaci ya riga ya cire ta, ya cire maƙwabcinmu Kirista. Mu yanzu muna yin babban taro ranar Asabar da la'asar a filin firamare, mata kuma suna nasu zaman su aiko da wakilai da takarda.

Gombe gari ne na Fulani da Tera da Tangale da Bolewa da Waja da Tula da Kanuri da Hausawa da Yarabawa da Ibo da sauransu. Ɗan haya yana biyan kuɗin sintiri, ruwa in ya shigo ba ya tambayar takardar gida. Wanda aka karɓi kuɗinsa a saurari bakinsa.

'Yan Kalare fa? Wasu na cewa a sa su cikin sintiri.

Nan sai an yi hattara. Ta'asar Kalare, wato gungun samarin bangar siyasa na Gombe, tsohuwa ce, har ƙungiyar Human Rights Watch ta yi bayaninta a rahotonta na 2007 kan tashin hankalin siyasa a Najeriya. Amma yaran nan ba daga sama suka faɗo ba, mun san iyayensu, wasu mu muka je sunansu. Ra'ayina shi ne a kira su taro, a ji ta bakinsu, a sa su aikin gayya na yashe kwata da dashen itatuwa, a nema wa mai so wurin koyon sana'a. Gora da usur kuwa sai wanda aka ga tubansa na tsawon lokaci, dattawa suka tsaya masa, 'yan sanda suka tantance shi. Sintirin unguwa kuma kada ya raka ɗan takara ko'ina, komai abin da ya bayar.

Za mu iya sa ƙofar ƙarfe mu rufe layinmu da daddare?

Titi na jama'a ne, don haka sai da izinin hukuma da sanin 'yan sanda. In an yarda, a samu mai gadi da mabuɗi a wurin har gari ya waye. Ku tuna da mai naƙuda da ƙarfe 2 na dare.

Mun rubuta, mun je, mun koma, shiru. Sai me?

Ku sake rubutawa, ku ambaci kwanan watan takardar farko, ku liƙa kwafinta mai hatimi. Wannan karon ku aika kwafi ga hakimi da ɗan majalisarku da kwamitin karɓar koke na Majalisar Dokoki. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a jiha kuma ba a biyan ko kwabo. In maganar cin zarafi ce, ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, mara ƙarfin ɗaukar lauya kuma ga hukumar ba da tallafin shari'a. Shirye-shiryen rediyo na kiran waya suna motsa ofis fiye da yadda ake zato, in wanda ya kira ya faɗi wuri da kwanan wata ya bar zagi.

Kwalbatin bakin layinmu takarda 5 muka rubuta a kansa cikin damina 3. A tsakani mun tara buhunan yashi da kanmu, mun hana zuba shara a magudanar, muna kuma ɗaukar hoto duk bayan ruwa mai ƙarfi mu ƙara a fayil. Ranar da injiniyan ya zo awo, wata dattijuwa ta fito da sandarta ta nuna masa alamar da ruwa ya bari a jikin katangarta, sama da inda ya sa tsinkensa. Ya tsaya ya duba, ya ciro biro ya gyara adadin da ke takardarsa.